MATUƘI SHI KAƊAI CIKIN TEKU, AMMA ANA JIN MURYARSA

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Amma wanda ya taɓa ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku ya san abin da ake nufi da wurin da babu gari, babu rijiya, babu mai jin kiranka. Haka teku yake, har ya fi. A kudancin tekun Pasifik akwai wani wuri da ke nesa da kowace ƙasa da kusan kilometir 2700. Matuƙin da ya iso nan, mutanen da ke cikin tashar sararin samaniya, kilometir 400 bisa kansa, sun fi kowa kusa da shi in sun gitta. To, ƙaƙa irin wannan mutum ke samun labarin gida? In wahala ta same shi, wa zai kira?

Yadda ake yi a da

A shekarar 1969, wani matuƙi Bafaranshe, Bernard Moitessier, yana cikin gasar kewaya duniya shi kaɗai. Ba ya da radiyon aika magana. Da ya iso kusa da birnin Kap, a Afirka ta Kudu, ya rubuta saƙonsa a takarda, ya harba ta cikin wani babban jirgi da ɗanƙo irin wanda yara ke harbin tsuntsaye da shi. Ta haka ne duniya ta san ya bar gasar. Masu radiyo kuwa, maganarsu tana zuwa yau, gobe ta ɓace, gwargwadon nisa da yanayin sama.

Taurarin ɗan Adam

A 1979 aka kafa ƙungiyar Inmarsat, mai mazauni a Landan, domin jiragen ruwa. Taurarinta suna nisan kilometir 36 000, suna juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kamar a tsaye suke wuri guda. Jirgi ya aika magana sama, tauraro ya maido ta ƙasa, ta shiga layin talho. Sai dai ba su kai ga ƙarshen arewa da ƙarshen kudu na duniya. Kamfanin Iridium, wanda ya fara aiki a 1998, ya toshe wannan giɓi da taurari 66 masu yawo a nisan kilometir 780: in ɗaya ya wuce, wani ya karɓa. Yau ga Starlink mai dubban taurari, wanda ke kai intanet har tsakiyar ruwa. Talhon Thuraya da direbobinmu ke riƙewa a hamada ɗan wannan dangi ne.

Akwai kuma tsarin ceto mai suna Cospas-Sarsat. Faransa da Kanada da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka haɗa shi, a lokacin da gabas da yamma ba su ga maciji, kuma ya fara ceton rayuka a 1982. Jirgi yana ɗauke da wata ƴar na'ura. In an kunna ta, ko ruwa ya taɓa irin mai tashi da kanta, sai ta yi ta aika lambar jirgin da inda yake. Cibiyar Faransa da ke karɓar wannan kururuwa tana birnin Tuluz. Ba a biyan ko dala.

Daren 30 ga Nuwamba

Tun 1989 ake gasar Vendée Globe, wadda yanzu ake yi bayan kowace shekara 4. Mutum ɗaya cikin jirgin da iska ke turawa, ya bar Faransa, ya kewaye duniya, kilometir wajen 45 000, ba tsayawa. A 1993, Bertrand de Broc ya tsage harshensa a tekun kudu. Likitan gasar ya aiko masa bayani a rubuce daga Faransa, shi kuma ya ɗinke harshen da hannunsa yana duban madubi.

A gasar 2020 matuƙa 33 suka tashi. Ran 30 ga Nuwamba, sama da kilometir 1500 kudu maso yamma da Kap, igiyar ruwa ta karya jirgin Kevin Escoffier gida biyu. Ya samu ya aika ƴan kalmomi ga mutanensa cewa yana nitsewa, ya faɗa cikin kwale-kwalen roba. Na'urar ceto ta tashi. Shugabannin gasar suka kira wanda ya fi kusa, Jean Le Cam, dattijo mai shekara 61. Ya iso, ya hango shi, amma kafin ya juyo da jirgi, igiyoyi masu tsawon metir 5 sun ɓoye shi, ga dare ya yi.

Aka karkato da wasu matuƙa ukku. Masana a Faransa suka yi lissafin inda iska da ruwa za su kai kwale-kwalen, suka aika wa kowa yankin da zai bincika. Cikin dare Le Cam ya hangi ɗan haske, ya bi shi. Bayan awa 11 da wani abu bisa ruwa, Escoffier ya hau jirginsa. Waɗanda ke Faransa sun ga fuskarsa nan take ta hoton da tauraro ke kawowa. Lokacin da masu ceto suka ɓata an rage musu shi a lissafi, kuma ɗaya daga cikinsu, Yannick Bestaven, shi ya ci gasar.

Abin lura

Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma na'ura ba ta hana jirgi karyewa. Tana son wuta, ruwan gishiri yana cin ta, kuɗin kira yana da nauyi. Shi ya sa matuƙin kirki ba ya dogara ga hanya ɗaya: yana ajiye talho na biyu cikin jakar da ruwa ba ya shiga, yana rubuta na'urar cetonsa wajen hukuma domin a san mai ita, yana shaida wa na gida hanyarsa da ranar isarsa. Mai shiga hamada ma ya kamata ya yi haka.

Tauraro ya kai kira, ya nuna wuri. Amma wanda ya bar tserensa, ya kwana yana neman ɗan uwansa cikin duhu, ya miƙa masa hannu, mutum ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.