Fasto Uba Ne, Amma Wane Irin Uba?

Masu iya magana kan ce babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. Wannan karin magana ya faɗo mini a rai ranar da na ziyarci tsohon faston ƙauyenmu, wanda ya yi mini baftisma, na tarar da shi a wani ɗan ɗaki na haya, idanu sun dushe, ba mai leƙa shi sai jefi-jefi. Na durƙusa na ce, "Baba, barka da hutawa." Ya gane muryata nan take, har ya tambaye ni ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Mu da muka tashi a majami'un da ake sujada da Hausa, ba mu san fasto da wani suna ba sai Baba, matarsa kuwa Mama, wadda galibi ita ce ginshiƙin Zumuntar Mata. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka ɗalibi ke ɗaukar malaminsa. Al'adar tana da tushe a Littafi Mai Tsarki, inda Manzo Bulus ya ɗauki Timoti a matsayin ɗa, ya kuma tuna wa Korintiyawa cewa shi ne ubansu cikin bangaskiya.

Tarihi ma ya taimaka. 'Yan mishan na SIM sun iso a 1893, na SUM suka sauka Wase a 1904, sannan aka kafa tashar Garkida a 1923, wadda ta haifi ikilisiyar EYN. Mutane da yawa da suka karɓi sabon addinin a wancan zamani danginsu sun juya musu baya, sai gidan mai bishara ya zama gidansu. Shi ke koya musu karatu, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shi ke nema musu aure, shi ke binne mamatansu. Da ikilisiyoyi irin su ECWA suka tsaya da ƙafafunsu a 1954, fastoci 'yan ƙasa suka gaji wannan nauyi. Ni kaina da kuɗin gyaɗar da Baba ya noma aka biya mini kuɗin jarrabawa.

Irin wannan ubanci bai ƙare ba. Lokacin da Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi a 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, fastoci da dama sun yi gudun hijira tare da jama'arsu, suna raba ɗan abin da ya samu. A watan Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi a Michika, aka kuma kashe shi. Duk wanda ya ga faifan bidiyonsa a hannun maharan ya ga mutum cikin natsuwa, yana ƙarfafa iyalinsa da abokan aikinsa, kamar yadda uba kan ɓoye tsoronsa don kada yara su firgita.

To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Wani sabon salon ubanci ya shigo birane, inda ake kiran shugaban majami'a Dadi ko Papa, ana liƙa hotonsa a mota, ba a aure ko tafiya ko sauya aiki sai da izininsa. Na san ma'aikaciyar da ta kai albashinta na farko kacokan ga "ubanta na ruhaniya" alhali mahaifiyarta na kwance ba kuɗin magani. Haɗarin a bayyane yake: wanda aka ɗauka uba ba a yi masa tambaya, wanda kuwa ba a tambaya, ranar da ya karkace ba mai taka masa birki. Zarge-zargen cin zarafi da tsofaffin almajiran marigayi T.B. Joshua suka yi a binciken BBC na 2024 sun isa ishara, domin su ma Dadi suke kiransa. Ba banza ba Almasihu ya ja kunnen almajiransa game da son laƙabi da manyan kujeru.

A nawa ɗan tunanin, ma'aunin mai sauƙi ne. Uban ƙwarai yana renon ɗa ne don ya tsaya da ƙafafunsa, yana sada shi da iyayensa na jini, yana kuma yarda dattawan ikilisiya su duba littafin kuɗi. Wanda ke raba mutum da danginsa, yana tsorata shi da la'ana idan ya bar majami'arsa, wannan ubangida ne mai neman bayi.

Mu 'ya'ya kuma da sauran aiki a gabanmu. Tsofaffin fastocin da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan keke, daga wannan ƙauye zuwa wancan, da yawansu sun yi ritaya ba gida ba abin hannu, mu kuwa da suka rena mun zama likitoci da lauyoyi da daraktoci. Da zan tafi, Baba bai roƙe ni komai ba, addu'a kawai ya yi mini. Kunyar da na ji a ranar har yau ba ta sake ni ba. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.