Yadda Za Ka Kare Mota da Fasinjoji Daga Zafin Bazara

Idan kai direba ne, ko yaron mota, ko fasinja mai zuwa cin kasuwa, wannan bayani naka ne. A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, mota guda ce take kai hatsi kasuwa, ita ce kuma take kai mai naƙuda asibiti. Idan ta lalace a tsakiyar daji da rana tsaka, asarar ba ta tsaya ga mai ita kaɗai ba. Yawancin ɓarnar da zafi yake yi wa mota ana iya hana ta tun da safe, kafin a tashi daga tasha.

Me ya sa bazara take wahalar da mota?

Daga watan Maris zuwa watan Mayu, zafin rana a wannan yanki yakan wuce digiri 40 a ma'aunin zafi. A wasu shekaru abin yakan ƙara tsananta. A watan Afrilu na shekarar 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wadda ita ma tana cikin Sahel kamar Nijar.

Inji yana ƙona mai, don haka shi kansa wuta ne. Yana aiki lafiya idan zafinsa yana wajen digiri 90. Ruwa ne yake zagayawa cikinsa, ya kwaso zafi ya kai lagireto, wanda wasu ke kira radiyato. A can iska take sanyaya ruwan, sa'an nan ya koma cikin inji. Idan iskar waje ta yi zafi, sanyayar ba ta yin sauri.

Hanya ma tana da nata tasiri. A kan babbar hanyar kwalta da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram, mota tana gudu, iska tana shiga lagireto sosai. Amma a hanyoyin rairayi na ƙauyuka, kamar na kewayen Gulbin Kaba, mota tana tafiya a ƙaramar giya. Inji yana wahala ƙwarai, iskar da take shiga kuwa kaɗan ce. A irin wannan wuri ne mota ta fi tafasa.

Abin da za ka duba kowace safiya

Ka yi wannan dubawa tun inji yana da sanyi.

1. Ruwa. Ka buɗe murfin lagireto ka ga ko ruwa ya cika. Ka duba ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a shagon kayan mota shi ya fi, domin yana hana tsatsa. Idan babu shi, ka sa ruwa mai tsabta wanda aka tace. Ruwan tafki da ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa suna barin laka da ƙanzo, su toshe ƙananan hanyoyin lagireto.

2. Fuskar lagireto. Ƙurar hunturu, da ciyawa, da ƙwari suna liƙe a jikinta su tare iska. Ka wanke ta da ruwa a hankali. Kada ka sa ƙusa ko waya, domin za ka huda ta.

3. Bel da fanka. Idan bel ya saki ko ya tsattsage, ka ɗaure shi ko ka sake sabo. A motoci da yawa shi ne yake juya famfon ruwa. Ka riƙa ajiye bel guda a cikin mota.

4. Robobin ruwa. Ka matsa su da hannu. Wadda ta kumbura, ko ta bushe ta yi tauri, ta kusa fashewa.

5. Baƙin mai. Ka zaro sandar awo ka duba. Baƙin mai yana rage gogayyar ƙarafa, yana kuma rage zafi.

6. Tayoyi. Ka auna iskarsu da sanyin safiya. Tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ce take yin zafi ta fashe a kan kwalta. Idan ka rage iska domin ka ƙetare rairayi, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta.

Idan bakanike ya ce zai cire tamostat, wato ƙaramar ƙofar da take daidaita tafiyar ruwa cikin inji, ka roƙe shi ya fara binciken asalin matsalar. Sau da yawa lagireto ce ta toshe, ko murfinta ya mutu. Tamostat da ya lalace, sabo ake sawa a madadinsa.

Yadda za ka yi tafiya

Ka tashi da asuba, ka huta daga azahar zuwa la'asar idan da hali. Kada ka yi lodin da ya fi ƙarfin mota ranar kasuwa. Ribar buhu biyu da ka ƙara ba ta kai kuɗin gyaran inji ba. Idonka ya riƙa komawa kan allurar zafi da ke gabanka. Idan allurar ta mutu, ka gyara ta, domin ita ce take yi maka gargaɗi. Ka ɗauki jarkar ruwa biyu, ɗaya ta mota, ɗaya ta mutane.

Idan allura ta hau ja

Ka sauka gefen hanya, ka tsaya a inuwa, ka kashe inji. Kada ka ce bari in ƙarasa gari na gaba. Tafiyar ƴan mintoci tana iya ƙona gasket, ko ta lanƙwasa kan inji.

Kada ka buɗe murfin lagireto a wannan lokaci. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Ruwan da ke cikin lagireto a matse yake, zafinsa yana iya kai wajen digiri 120. Da ka buɗe murfi, zai yi tsiri ya watsu a fuskarka da hannuwanka. Ka jira rabin awa ko fiye. Sa'an nan ka ɗora tsumma mai kauri, ka juya murfin kaɗan, ka kau da fuskarka har tururi ya gama fita.

Kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, domin ƙarfe yana iya tsagewa. Bayan ya huce, ka zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ka nemo inda yake yoyo.

Idan ruwan ya ƙona wani, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi har minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko baƙin mai, ko man goge baki. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi cibiyar kiwon lafiya mafi kusa, ko asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi.

Mutanen da ke cikin mota

Motar da aka ajiye a rana kamar tanda take. Cikin minti 10 zafin cikinta yana iya ƙaruwa da wajen digiri 10. Sassauta gilashi kaɗan ba ya hana haka. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi fiye da na babba sau 3 zuwa 5. Saboda haka kada ka bar yaro, ko tsoho, ko majinyaci, ko dabba cikin motar da take tsaye, ko da sayayya kaɗan za ka yi.

Ka nemi inuwa. Gawo yana fitar da ganye da rani, lokacin da itatuwa da yawa suka kaɗe nasu. Bedi, wato dogon yaro, shi ma yana da inuwa mai kyau. Idan babu itace, ka rufe gilashin gaba da tabarma ko kwali. Kafin mutane su shiga, ka buɗe ƙofofi duka iska ta ratsa. Kada ka bar magani, ko wayar salula, ko laita a bayan gilashi. Jarkar fetur kuma kada ta zauna a rana, kada ta shiga wurin zaman fasinjoji.

Ka lura da alamomin bugun zafi: ciwon kai, jiri, amai, jiki zafi rau, magana ba kan gado, ko suma. Wanda ya nuna haka a kwantar da shi a inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa ya sha kaɗan-kaɗan. Wanda ya suma kada a ɗura masa komi a baki. A gaggauta kai shi asibiti.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa shida ake dubawa kafin a tashi?
2. Me ya sa ba a buɗe murfin lagireto idan inji yana da zafi?
3. A tashar garinku, ina motoci suke samun inuwa? Wa zai shuka itace a wurin, wa kuma zai riƙa ba shi ruwa?

Ka karanta wa direban garinku wannan bayani, ku yi dubawar safiya tare kafin ranar kasuwa mai zuwa.