Maraɗi: Hutun da 'ya'ya ke ba iyaye na iya zama cuta

Duk mai bin hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa har Maraɗi ya san dattawan nan da suka shafe shekara 40 ko fiye suna safarar goro, atamfa da dabbobi. Yanzu da yawansu sun miƙa wa 'ya'yansu makullin shago, an ce Baba ya koma gida ya huta. Niyyar mai kyau ce, to amma wane irin hutu?

Mutumin da ya saba sammako ran kasuwa, ya yini yana ciniki da raha da abokan arziki, idan aka zaunar da shi a zaure shi kaɗai da rediyo, abu biyu ya rasa a lokaci guda: motsa jiki da kuma jama'a. An ga alamar haka lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, inda zumuncin da ke tafiya tare da kaya ya tsaya cak. Asarar kuɗi kowa ya yi maganarta. Kaɗaicin tsofaffi kuwa ba a cika ambatonsa ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke shi da muhimmanci har ta kafa masa kwamiti na musamman a 2023.

Hukumar ta ce dattijo na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa a kwana biyar. Ba sai an je filin wasa ba. Tafiya masallaci da ƙafa maimakon hawa kabu-kabu, da zagayen kara ran kasuwa, duk suna cikin lissafi.

Sai maganar ci da sha, inda nan ne gardama take. Shayin Nijar, wanda ake zubawa har zagaye uku, daɗinsa a sukari yake, kuma wanda ya yini a majalisa yana kurɓa bai san yawan abin da ya sha ba. Gishiri kuwa bai kamata ya wuce giram 5 a rana ba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin kilishi. Uwargida ce ke riƙe da wannan, don haka wa'azin da bai kai madafi ba bai yi amfani ba.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya kai 140 bisa 90 ko fiye yana jin garau, sai shanyewar ɓarin jiki ta bayyana. Awonsa ba ya cin minti biyar a likita, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran asibiti, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

Ga 'ya'yan da suka gaji shago, ku ajiye wa Baba kujerarsa a bakin rumfa, ku riƙa tambayarsa farashi ko da kun sani.