Jiragen Ruwan Holan a Zanen Ƙarni na 17

A Taura ko Ringim, in aka ce jirgin ruwa, kwalekwalen fito na Kogin Haɗeja ake nufi; in aka ce Holan, atamfa ce. Amma kafin atamfa, da jiragen teku masu filafilai aka san Holan, waɗanda iska ke turawa, kuma mutanenta sun zana su ba adadi.

Dalilin kuɗi ne. A 1602 aka kafa kamfanin VOC mai fataucin kayan yaji daga Asiya, arziki ya kwararo Amsterdam. Attajirai da hukumomin sojan ruwa suka riƙa sayen hotunan jirage suna ratayewa a bango. Hendrick Vroom na garin Haarlem ne ya buɗe wannan fage.

Wanda ya fi burge ni shi ne Willem van de Velde Babba, da aka haifa a 1611. Shi ba ya jiran labari. In an fita yaƙin teku, sai ya shiga ƙaramin jirgi ya bi rundunar, igwa na tashi, shi kuwa yana zane. Ya koma gida ya fitar da aikin da alƙalami da tawada, igiya bayan igiya, tuta bayan tuta. Har gobe masana tarihi na gane jirgi da sunansa daga adon da ya zana a bayansa. Ɗansa, mai suna iri ɗaya, ya fi shi iya fenti da hasken ruwa. Da yaƙi ya durƙusar da kasuwar zane a 1672, uba da ɗa suka ƙaura Ingila, ƙasar da ake yaƙin da ita, Sarki Charles na Biyu ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara.

Sai dai mai zane waje yake nunawa, ba ya leƙa cikin jirgi. A 1637 Holan ta ƙwace sansanin Elmina, a Gana ta yau, daga hannun Fotugal, ta riƙe shi har 1872. Irin waɗannan kyawawan jiragen ne suka tsallaka da 'yan Afirka fiye da rabin miliyan zuwa bauta. Sai a Disamban 2022 Firaministan Holan na lokacin, Mark Rutte, ya nemi gafara a madadin gwamnatin ƙasar.