Jirgin Nijeriya, Jarin Habasha: Wa Ke Riƙe da Akala?

Yawancinmu a nan Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi daga ƙasa muke hangen jirgin sama, tafiyarmu ba ta wuce ta motar haya a hanyar Zariya. Duk da haka maganar kamfanin Nigeria Air ta shafe mu, domin da sunan ƙasarmu aka yi cinikin, kuma kamfanonin jiragen sama na Kano suna cikin waɗanda suka ce ba su yarda ba.

Ga yadda aka tsara rabon hannun jarin a 2022: Ethiopian Airlines kashi 49 cikin 100, 'yan kasuwar Nijeriya kashi 46, Gwamnatin Tarayya kashi 5 kacal. Ministan sufurin jiragen sama na lokacin, Hadi Sirika, ya riƙa nanata cewa kamfanin na 'yan kasuwa ne, ba na gwamnati ba. Wanda ya tuna yadda bashi da sakaci suka durƙusar da Nigeria Airways a 2003 ba zai ga laifin wannan manufa ba.

Amma mai karatu ya dubi lissafin da kyau. Kashi 46 da 5 sun yi 51, watau a takarda 'yan ƙasa ke da rinjaye. Sai dai 46 ɗin a rarrabe yake tsakanin kamfanoni dabam-dabam, kowa da tasa bukata, 49 kuwa a hannu guda yake. Wannan hannu kuma ba na ɗan kasuwa ba ne, gama Ethiopian mallakar gwamnatin Habasha ce ɗungurungum, ita ce kuma aka shirya za ta tafiyar da aikin. Ashe gwamnatinmu ta ja da baya ne, gwamnatin wata ƙasa ta shigo ta zauna a gaba.

Abin da ya sa wannan ya zama siyasa shi ne, jirgi ba ya tsallake iyaka don mai shi yana da kuɗi. Gwamnatoci ne ke ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, sa'an nan kowace ta zaɓi kamfanin da zai bi hanyar da sunanta. Saboda haka hanyar Landan ko ta Jidda dukiyar ƙasa ce, kamar rijiyar mai. Ethiopian kuwa, wanda tun 2014 ya fara sauka a Kano, ƙarfinsa shi ne tattara fasinjojin Afirka a Addis Ababa kafin ya rarraba su duniya. Da wuya ya reni kamfanin da zai raba shi da waɗannan fasinjoji.

Ba mu ce Habashawa ba su iya aiki ba. Tun 1946 jiragensu ke tashi, sun ga faɗuwar sarki, sun ga mulkin soja da yaƙi, kamfanin bai mutu ba. Su ne kuma suka tallafi ASKY na Lome, wanda ya fara tashi a 2010. To, amma Togo ba ta da kasuwar cikin gida irin tamu, balle kamfanonin da za su ji tsoron a haɗiye su.

A nan akwai su. A watan Nuwamba 2022 ƙungiyar masu kamfanonin jiragen sama ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Legas, ciki har da Azman da Max Air da Air Peace. Masu son mayar da kome rigimar Kudu da Arewa su lura: ministan ɗan Katsina ne, mai Max Air, Alhaji Ɗahiru Mangal, shi ma ɗan Katsina ne.

Ana cikin shari'a, ran 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku Shugaba Buhari ya sauka, aka nuna jirgi ɗaya a Abuja da sunan Nigeria Air a jikinsa. Bayan 'yan kwanaki shugaban riƙo na kamfanin ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa hayarsa aka yi daga Ethiopian, kuma ya koma gida. Sabon minista, Festus Keyamo, ya dakatar da shirin a wannan shekara, sa'an nan a watan Agusta 2024 kotun ta soke sayar wa Ethiopian hannun jarin.