Daga Lungunan Lahore Zuwa Las Vegas: Yadda Masu Wasan Tekken Suka Tara Jama'a

A farkon watan Agustan 2019, a birnin Las Vegas na Amurka, wani matashi ɗan Pakistan mai suna Arslan Siddique, wanda aka fi sani da Arslan Ash, ya lashe gasar Tekken 7 a taron Evo, taron da masu wasannin bidiyo na faɗa suke ɗauka a matsayin kofin duniyarsu. Mutum kusan 1,900 ne suka shiga gasar. Wanda ya doke a karawar ƙarshe shi ne Bae Jae-min, wato Knee, ɗan Koriya ta Kudu wanda mutane da yawa suke kallo a matsayin gwanin gwanayen wannan wasa. Da aka tashi, Arslan ya ajiye abin wasansa ya yi sujada a kan dandamali. Shekara guda kafin wannan rana, da wuya a sami wani a Japan ko Amurka da ya san cewa ana buga Tekken da gaske a Pakistan.

Ga wanda bai saba ba, Tekken wasa ne da kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1994, shekara uku bayan Street Fighter II na kamfanin Capcom ya buɗe wa irin waɗannan wasanni kasuwa. Mutum biyu ne suke karawa, kowa ya zaɓi jaruminsa, a yi ta naushi da shuri da kaucewa a kan allo har ƙarfin ɗaya ya ƙare. Mai kallo daga nesa zai ce danne-danne ne kawai. Amma hoton wasan yana sauyawa sau 60 a cikin daƙiƙa guda, naushi mafi sauri kuma yana sauka ne a cikin sauyi 10, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Jarumi guda yana iya mallakar dabaru sama da ɗari, kuma dole ɗan wasa ya san na abokin karawarsa kamar yadda ya san nasa: wanne ake tarewa, wanne ake sunkuya wa, wanne ne idan ya kuskure yake barin mai shi a buɗe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda 'yan dambe biyu suke zagaya juna, kowa yana auna tazara yana jiran ɗan'uwansa ya yi saki, ya riga ya fahimci rabin abin.

To, ta yaya wasa mai wuyar koyo haka yake tara jama'a? Tambayar ke nan da ta daɗe tana damun masu shirya gasa da kamfanonin da suke ƙera wasannin. Yawancinsu suna amsawa da kuɗi da talla. Tarihin Pakistan ya ba da wata amsa daban, kuma ita ce ni na fi gamsuwa da ita.

A Lahore da sauran biranen lardin Punjab, ƙananan shagunan wasa ne suka raini Tekken. Yaro yana biyan 'yan canji ya zauna a gaban na'ura, idan ya ci ya ci gaba da zama, idan aka cinye shi ya tashi ya ba na bayansa wuri. Wannan ƙa'ida mai sauƙi makaranta ce mai tsanani. Wanda kuɗinsa bai wuce na wasa biyu ko uku ba, ba zai yi wasa da garaje ba. Zai tsaya a bayan gwanaye ya yi ta kallo, ya haddace abin da ya kayar da shi jiya, ya dawo gobe da maganinsa. A irin waɗannan shaguna Arslan ya taso tun yana yaro. Rashin intanet mai inganci, wanda a wani wuri cikas ne, a nan sai ya tilasta wa mutane haɗuwa ido da ido. Suka yi shekaru suna goga junansu ba tare da duniya ta sani ba, har suka samar da salon da aka san su da shi: haƙuri, tsaro mai ƙarfi, da hukunta kuskure nan take.

Abin da haɗuwa take bayarwa wanda allo ba ya bayarwa shi ne magana bayan wasa. Wanda ya doke ka a intanet ya ɓace, ba ka san fuskarsa ba, bai kuma bar maka komai ba sai haushi. Wanda ya doke ka a shago yana nan zaune kusa da kai. Za ka iya tambayarsa me ka yi ba daidai ba, shi kuma yana da dalilin gaya maka, domin in ba ka ƙware ba, ba shi da abokin gwaji. A nan ne baƙo yake zama ɗan gida. Sabon shiga a wasan faɗa zai sha kaye sau ɗari kafin ya ɗanɗana nasara, kuma babu abokin tawaga da zai ɗora wa laifi kamar yadda ake yi a ƙwallo. Abin da zai hana shi gudu a wannan lokaci mai ɗaci, mutanen da suka san sunansa ne, waɗanda za su tambayi inda ya shiga idan bai zo ba.

Sai dai gwanin da bai fita ba, gwanin gida ne. A 2018 Arslan ya je Dubai ya doke Knee a wata gasa, mutane suka ce sa'a ce. A watan Fabrairun 2019 ya nufi Fukuoka domin Evo Japan, matsalar biza da ta jirage ta sa ya yi kwanaki yana gararamba daga wannan filin jirgi zuwa wancan, ya isa a gajiye dab da fara wasa, ya kuma ɗauki kofin. Abin da ya fi nasarar girgiza mutane shi ne maganar da ya riƙa maimaitawa bayanta, cewa akwai irinsa da yawa a gida. Aka ɗauka tawali'u ne. Kafin shekarar ta ƙare, Awais Honey da Atif Butt sun fito sun ci manyan gasa a Asiya, Knee da kansa kuma ya ɗauki jakarsa ya tafi Pakistan domin ya yi atisaye da su. Gani ya kori ji. A farkon 2023 Atif Butt ya lashe gasar ƙarshe ta zagayen Tekken na duniya a Amsterdam, a bazarar shekarar kuma tawagar Pakistan mai mutum uku, Arslan da Atif da Khan, ta ci gasar ƙasashe a Riyad ta koma gida da dala 500,000. Arslan ya sake cin Evo Japan da Evo a 2023, ya ƙara da Evo na 2024.

Ya kamata a lura da abin da Arslan ya yi da sunansa. Da ya so, da ya bar duniya ta ɗauka cewa shi tauraro ne da ya faɗo daga sama. Maimakon haka ya nuna inda ya fito, ya ambaci sunayen abokan gwajinsa, idon masu ɗaukar nauyi ya juya gare su. An ga irin wannan a Jamhuriyar Dominican, inda Saul Leonardo Mena, wato MenaRD, ya ci Capcom Cup na 2017 yana ɗan shekara 18, ya karɓi dala 250,000, ya zuba wani ɓangare nata wajen gina wurin atisaye da tallafa wa 'yan ƙasarsa su fita gasa. Zakara guda yana jawo hankali na ɗan lokaci. Ko hankalin zai tsaya ko zai wuce, ya danganta da abin da mai waigowa ya tarar a bayan zakaran.

Shi kansa Evo haka ya fara. A 1996 wasu matasa, cikinsu har da 'yan'uwan juna Tom da Tony Cannon, suka shirya ƙaramar gasa a wani gidan wasa a Sunnyvale ta jihar California, domin a daina cika baki a intanet a zo a gwada. A 2002 ta koma Evo. Siffarta da ta fi muhimmanci har yau ita ce ƙofarta a buɗe take: duk wanda ya biya kuɗin rajista zai shiga, kuma ƙuri'a tana iya haɗa ɗan koyo da zakaran duniya a zagayen farko. Ba a kuma fitar da mutum sai ya faɗi sau biyu, don haka wanda ya yi doguwar tafiya ba ya komawa gida saboda tuntuɓe guda. Da gasar ta masu gayyata ce kawai, kamar yadda ake yi a wasu manyan wasannin kwamfuta, wa zai aika wa wani yaro a Lahore takardar gayyata?

Akwai kuma rawar da kallo yake takawa. A Evo na 2004, Daigo Umehara na Japan, ƙarfinsa saura ƙiris, ya tare duka 15 a jere daga Justin Wong na Amurka a wasan Street Fighter III, ya juya ya ci wasan. An ɗauki abin a bidiyo tare da ihun 'yan kallo, mutane miliyoyi suka gani, kuma har yau akwai 'yan wasan da suke cewa wannan ɗan gajeren bidiyo ne ya jawo su. Wasan faɗa yana da wannan sa'a: ko ba ka san ƙa'ida ba, kana ganin wanda yake dab da faɗuwa.

Kamfanoni ma sun yi nasu, ko da yake a makare. Shekaru da yawa wasa ta intanet azaba ne, domin jinkirin ƙiftawar ido ya isa ya ɓata lissafi. Tun 2006 Tony Cannon ya ƙirƙiro wata dabara mai suna GGPO, wadda take sa na'ura ta yi hasashen abin da abokin karawa zai danna, ta ci gaba da wasa, idan hasashen bai dace ba ta koma baya ta gyara cikin saurin da ido ba ya kamawa. Kamfanonin Japan suka yi ta jan ƙafa har annobar korona ta rufe wuraren taro a 2020, sannan suka karɓi irin wannan tsari da gaske. Street Fighter 6, wanda ya fito a watan Yunin 2023, ya zo da shi, ya kuma zo da sauƙaƙan hanyar sarrafa jarumi domin sababbin shiga. Tsofaffin hannu sun yi gunaguni cewa an rage wa wasan daraja. Ban ga dalilinsu ba. Wahalar murza yatsa ba ita ce zuciyar wasan ba, karanta tunanin abokin karawa ne, kuma wannan ba a sauƙaƙa shi ba. A Evo na shekarar, sama da mutum 7,000 suka yi rajistar Street Fighter 6, adadin da ba a taɓa gani ba, wanda ya ci kuma shi ne Amjad Al-Shalabi, wato AngryBird, daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Batun kuɗi shi ne inda nake da shakka. Sony da kamfanin RTS sun sayi Evo a 2021. A farkon 2024 wanda ya ci Capcom Cup ya karɓi dala miliyan ɗaya, Saudiyya kuma ta ware sama da dala miliyan 60 ga gasar wasannin kwamfuta ta duniya da ta shirya a Riyad a shekarar. Ba mai hankalin da zai ce kada ɗan wasa ya ci guminsa. Kofin da Arslan ya ci a Las Vegas a 2019 bai kawo masa ko dala 15,000 ba. Amma wannan kuɗi a sama yake taruwa, a hannun mutum goma ko ashirin. Mai shagon da yake biyan haya da wuta, da ɗan sa-kai da yake shirya gasar mako-mako yana ɗauko talabijin daga ɗakinsa, ba sa ganin ko sisi, alhali daga hannunsu kowane zakara yake fitowa. Haka kuma jama'ar da ba ta tsare mutuncin yara da mata a wurarenta ba, tana rufe wa kanta ƙofa. A 2020 an soke Evo da aka shirya yi ta intanet bayan zarge-zargen cin zarafi da aka yi wa ɗaya daga cikin shugabanninsa, har yau kuma mata ƙalilan ne a wuraren gasa.

Mai karatu a Kano ko Zariya ya san gidan gem na unguwarsu, inda ƙwallo ta fi kasuwa, ya kuma san irin kallon da iyaye suke yi wa wurin. Damuwarsu game da karatu da lokacin salla da caca ba ta banza ba ce. Abin da kawai za a ce shi ne shagunan Lahore ba su fi waɗannan kyan gani ba, kuma cikas ɗin da ya fi wahalar da 'yan Pakistan, wato fasfo mai rauni da layin neman biza, mun san shi sarai. An sha yin manyan gasa ba tare da wasu gwanayensu ba saboda takarda ba ta fito a kan lokaci ba.

Yanzu kuma ga wata sabuwar barazana ga tushen kansa. Tekken 8 ya fito ranar 26 ga Janairun 2024, kuma shi ne na farko a jerin manyan Tekken da bai fara fitowa a na'urar gidan wasa mai cin kwandala ba. Ba ya aiki a PlayStation 4, sai PlayStation 5 ko sabuwar Xbox ko kwamfuta mai ƙarfi. Kuɗin wasan lokacin da ya fito a 2024 dala 70 ne, PlayStation 5 kuma da ta fito an sayar da ita kusan dala 500. Mai shagon da ya tara yara da tsohuwar na'ura dole ya sayi sabuwa ko ya bar su suna koyon wasan da aka daina gasarsa, kuma idan ya saya, daga aljihun yaran zai fanshe.