Fetur da yuraniyom: Yadda farashi ya raba Najeriya da Nijar

Najeriya da Jamhuriyar Nijar sun shafe shekaru kowacce tana dogaro da abin da take haƙowa daga ƙasa wajen samun kuɗaɗen waje. Najeriya na sayar da ɗanyen man fetur, Nijar kuma ƙarfen yuraniyom.

A farkon shekarun 2000 farashin kayayyakin biyu ya yi tashin gwauron zabi kusan a tare. Gangar mai da ta faɗi zuwa kimanin dala 10 a ƙarshen 1998 ta kai dala 147 a watan Yulin 2008. Yuraniyom ma ya fi haka tashi: laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, ta tashi daga kimanin dala 7 a 2001 zuwa sama da dala 130 a tsakiyar 2007.

Sai dai abin da ya shiga baitulmalin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne.

Najeriya na sayar da manta ne bisa farashin kasuwar duniya, don haka kowane ƙari yakan bayyana nan take a asusun gwamnati. Da wannan rara ce aka buɗe asusun rarar kuɗin mai a 2004, kuma ita ce ta ba ƙasar damar cimma yarjejeniya da ƙungiyar masu ba da lamuni ta Paris Club a 2005, inda aka yafe mata bashin dala biliyan 18.

Ita kuwa Nijar, a wancan lokacin akasarin yuraniyom ɗin da ake haƙowa a yankin Arlit ana sayar da shi ne a kan farashin da aka daidaita da kamfanin Areva na Faransa, wanda yanzu ake kira Orano. Ke nan farashin kasuwa na iya ninkawa sau da dama ba tare da Yamai ta gani a ƙasa ba. Sai da gwamnatin Shugaba Mamadou Tandja ta ja daga a 2007 da 2008 kafin kamfanin ya amince da ƙari mai tsoka. A teburin ciniki Nijar ta samu nata rabon, kuma a makare.

Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ne hanyoyin suka rabu. Mai ya farfaɗo, ya koma sama da dala 100 daga 2011 zuwa tsakiyar 2014. Shi kuwa yuraniyom, haɗarin tashar nukiliyar Fukushima ta Japan a watan Maris na 2011 ya karya shi, har ya sauka zuwa kimanin dala 18 a ƙarshen 2016. An jingine aikin mahaƙar Imouraren a 2014, aka rufe ta Cominak a 2021.

Da mai ya faɗi ƙasa da dala 30 a farkon 2016, Najeriya ta shiga koma-bayan tattalin arziki, darajar naira ta zube. Nijar ba ta ga irin wannan ba a kuɗinta, saboda sefa na ɗaure da yuro. Nata raɗaɗin ya fito ne a asarar ayyuka a Arlit.

A watan Janairun 2024 yuraniyom ya sake haura dala 100, amma a lokacin iyakar Nijar da Benin, wadda ta nan aka saba fitar da shi zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, tana rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. A 2025 gwamnatin soja ta mayar da kamfanin Somaïr mallakar ƙasa.

A 2024 ne kuma Nijar ta fara fitar da ɗanyen mai daga Agadem ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Daga nan farashin gangar mai, da ya daɗe yana juya kasafin kuɗin Abuja, ya fara shafar na Yamai.